Yadda zaka fitar da jagorar manhaja kala-kala daga rubutu guda ta hanyar alamomin sharaɗi

Assalamu alaikum ƴan'uwa masu haɗa manhaja da masu rubuta mata bayanin aiki. Duk wanda ya taɓa saida ma ɗan kasuwa manhajar lissafin shago ya san cewa jagora guda bata isa. Alhaji mai shago a Kasuwar Dole yana son ya san yadda ake canza farashi da goge bashi da duba ribar wata, yaron shagonshi kuma abinda ya shafe shi kawai ya saida kaya ya fitar da rasit ya rufe lissafin yini, kuma ba'a son ma ya ga inda ake goge bashin. Sannan wani da waya yake aiki wani da kwamfuta, wani kostoman yana nan Damagaram da sefa yake ciniki wani yana ƙetaren iyaka wajen Daura ko Kano da naira. Abinda mafi yawanmu ke yi shine a buɗe Word a kwafi jagorar sau huɗu ko biyar a riƙa gyara kowace daban, to ranar da aka sake ma maɓalli ɗaya suna sai ka bi su duka, kuma wallahi sai an manta da ɗaya, ita ce kuma zata je hannun mutumin da yafi kowa kiran waya.

Maganin wannan shine rubutu ya zama guda ɗaya tal, amma kowane yanki da ba na kowa da kowa bane a manna mishi alama, lokacin fitarwa sai ka gaya ma na'ura alamomin da kake so ita kuma ta tace. Kamar tukunyar miya ce guda da ake ɗiban na yara kafin a zuba yaji. Zan yi bayanin da Sphinx, manhajar da ke maida rubutu ya zama jagora, wanda Georg Brandl ya fitar a 2008 don rubuta bayanan Python, dalilina kyauta ne kuma da zarar ka sauke shi baya buƙatar intanet, ko rezo ya ɗauke ko forfe ya ƙare aikinka na tafiya. Can ƙasa zan taɓa sauran kayan aikin don akwai wani bambanci a tsakaninsu da yake da haɗari sosai.

Mataki na farko, kuma dan Allah kar ka tsallake shi: kaye da biro

Kar ka kunna kwamfuta tukunna. Ɗauki kaye ka rubuta tambaya ɗaya, su wanene zasu karɓi jagorar nan kuma da me suka bambanta? A misalinmu bambancin kashi huɗu ne. Mai karatu, ko maigida ko yaro. Na'ura, ko waya ko kwamfuta. Kuɗi, ko sefa ko naira. Sai yadda za'a karanta, ko a allo ko a takarda. Kaga biyu sau biyu sau biyu sau biyu 16 kenan, kuma babu mai hankalin da zai zauna yana duba jagora 16 duk lokacin da ya gyara layi ɗaya. Don haka a ƙarƙashi sai ka ja tablo ka rubuta waɗanda da gaske akwai mai jiransu yau, wata ƙila huɗu ne, yaro da waya da sefa, maigida da kwamfuta da sefa, irin su biyun kuma na naira. Kowane ɗaya daga cikinsu shi zan riƙa kira zubi. Abinda babu mai jiranshi kar ka ƙirƙira mishi alama wai don gaba, gaban in ta zo ka ƙara.

Ni a ganina nan ne aikin yake lalacewa ko ya gyaru. Mutum yana jin daɗin abin sai ya fara yin alama ga kowane kostoma, alhaji wane alama, farmasin wane alama, kafin shekara alamomi sun kai talatin shi kanshi bai san wace ke ɓoye me ba. Ka yi alama bisa irin bambanci, ba bisa sunan mutum ba. In farmasi na da buƙatar ganin ranar lalacewar magani to alamar ta zama ta wannan aikin, gobe mai saida madara da tumatirin gwangwani ma zai amfana da ita.

Sunayen kuma a yi su gajeru, ƙananan haruffa, babu tazara babu karan tsakiya, kuma a bar haruffa masu ƙugiya a nan, rubuta kudi ba kuɗi ba, don wani allon rubuta umarni baya jituwa da su. Namu sune maigida, yaro, waya, kwamfuta, sefa, naira, takarda. Rubuta su a shafin farko na kayen da ma'anar kowace a layi guda, daga baya ka maida su fayil a cikin aikin don wanda zai gaje ka.

Girka kayan aiki

Wannan ba wuya. Sauke Python, in Windows ne ka tabbata ka danna akwatin nan na PATH a farkon girkawa, sannan a allon umarni:

    pip install sphinx
    sphinx-quickstart

Zai tambaye ka ko a raba dosiyen rubutu da na fitarwa, ce eh. Sunan aiki da na marubuci ka cika, wajen harshe in mutanenka sun saba da Faransanci sa fr don ƙananan kalmomin da ke gefen shafi su fito da shi. Zaka samu dosiye mai suna source, a ciki akwai conf.py da index.rst, su biyun nan ne zamu riƙa taɓawa. Cikin source ɗin ka buɗe wani dosiye ka kira shi babi, kowane babi na jagorar fayil guda, ka sa musu lamba a gaba don su jeru: 01_farawa.rst, 02_saida_kaya.rst, 03_rasit.rst, haka dai.

Sa alama a kan sakin layi

Umarnin da ake amfani da shi sunanshi only. Ga yadda yake a cikin 02_saida_kaya.rst:

    In kostoma ya karɓi kaya bashi, rubuta sunanshi a shafin Basussuka.

    .. only:: maigida

       Maigida kaɗai: don goge bashin da aka yafe, zaɓi sunan
       mutumin ka danna Goge, sannan ka sa lambar sirrinka.

    .. only:: waya

       Taɓa alamar kwando da ke ƙasan allo.

    .. only:: kwamfuta

       Danna Sabon ciniki a saman shafi ta hagu.

Lura da abu biyu, akwai layi fanko bayan only, kuma duk abinda ke ƙarƙashinshi an tura shi ciki da tazara uku. Tazarar nan ita ce katangar, layin da ya dawo bakin gefe ya fita daga sharaɗin kenan, ya zama na kowa. Wannan shine kuskuren da yafi yawa ga sabon shiga, sakin layi na farko yana ciki na biyu ya zame waje, sai ka tarar rabin bayanin goge bashi ya fito a jagorar yaro babu kai babu gindi.

Kalmomin nan Maigida kaɗai da na sa a farkon yankin ba ado bane, ka riƙa sa su a kowane yanki na maigida ba tare da canza ko harafi ba, suna taimakon mai karatu kuma zamu yi amfani da su wajen bincike nan gaba.

Ana iya haɗa sharuɗɗa da and da or da not da baka biyu. Misali .. only:: maigida and waya yana nufin sai duka biyun sun cika, .. only:: yaro or takarda kuma ɗaya ta isa. Amma not ɗin nan a yi hattara da shi. Yau kana da maigida da yaro kawai, sai ka rubuta not maigida kana nufin yaro, daidai ne a yau, to watan gobe alhaji ya ɗauki mai lissafi ka ƙara alama ta uku, duk abinda ka rubuta da not maigida zai faɗa jagorar mai lissafin ba tare da kowa ya yanke shawarar haka ba. In yaro kake nufi rubuta yaro.

Sphinx yana kunna wasu alamomi da kanshi gwargwadon abinda kake fitarwa, html in shafin intanet ne, latex in ta hanyar LaTeX, manhajar tsara rubutu don bugawa, zaka yi PDF. Suna da amfani amma ni na fi son tawa alamar takarda, zaka ga dalili wajen fitarwa. Ita ce ke raba irin jimlar nan ta danna nan ka ga bidiyo, wadda bata da ma'ana ga wanda ke riƙe da fotokopi a hannu, da wadda zata ce mishi duba hoton da ke ƙasa.

Jimla cikakka, ba gutsure ba

Only na Sphinx a kan sakin layi yake aiki, baya shiga tsakiyar jimla, kuma ni ina ganin alheri ne. A wasu kayan aikin kana iya sa alama a kan kalma ɗaya, sai mutum ya rubuta buɗe manhajar ko shafin ya sa ma kowace kalma alamarta ya ci gaba da zata nuna maka jerin kaya, to a zubin da shafi ya fito jimlar ta karye don shafi zai nuna ne ba zata nuna ba. In kuma za'a juya jagorar zuwa Faransanci abin yafi muni, mai fassara yana ganin gutsattsari bai san wanne ke bin wanne ba. Maimaita jimlar gaba ɗaya sau biyu, kowace da alamarta, ƴan kalmomin da ka ƙara basu kai ciwon kan da ka kauce ma ba.

In kuwa kalma ɗaya ce tak ke canzawa ko'ina, irin sunan kuɗi, to wannan ba aikin only bane, aikin musanya ne. A conf.py:

    if tags.has('naira'):
        rst_prolog = '.. |kudi| replace:: naira'
    else:
        rst_prolog = '.. |kudi| replace:: sefa'

Cikin rubutu sai ka riƙa sa |kudi| duk inda sunan kuɗin ya zo. Amma inda bayanin kanshi ya bambanta a koma ma only. Misali mu nan yaro zai ji kostoma ya ce dala ashirin, dole jagora ta tuna mishi cewa 100 zai rubuta a manhaja ba 20 ba, jika ɗaya kuma 1000, tunda dala sefa 5 ce. Wannan sakin layin na sefa ne kaɗai, mutumin Kano in ya gan shi ruɗewa zai yi.

Cire babi sukutum

Nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Kana da babi guda na canza farashi wanda duka na maigida ne, sai ka ce bari in sa layinshi na cikin jerin babuka a ƙarƙashin only shikenan. Bai isa ba. Sphinx yana gina duk wani fayil na rst da ya tarar a source ko yana cikin jeri ko baya ciki, shafin zai fito a dosiyen yaro, akwatin bincike ma zai iya kai shi can. Haka kuma bayanin Sphinx ɗin kanshi ya yi gargaɗi cewa only an yi shi ne don abinda ke cikin rubutu, baya riƙe kanun sashe da kyau, don haka kar ka sa babban kai a ƙarƙashinshi. Sashe in na mutum ɗaya ne ka bashi fayil nashi.

Hanyar da ke aiki ita ce ka sa alamar a sunan fayil ɗin, 05_farashi_maigida.rst, 06_riba_maigida.rst, sannan a conf.py:

    exclude_patterns = []
    if not tags.has('maigida'):
        exclude_patterns.append('babi/*_maigida.rst')

A index.rst kuma maimakon ka jera babukan ɗaya bayan ɗaya:

    .. toctree::
       :glob:

       babi/*

Da haka jerin zai kwashi duk abinda ya rage bayan an cire na cirewa, bisa tsarin lambobin da ka sa, babu ƙorafin cewa an ambaci fayil ɗin da babu shi. Kuma ka lura yadda na rubuta sharaɗin, in ba'a kunna maigida ba a cire, ma'ana ko ka manta baka sa alama ko ɗaya ba abin sirrin baya fita. Kullum ka tsara abinka yadda mantuwa zata jawo rashi ba tonon asiri ba.

Sai maganar mahaɗai, wato inda shafi ke tura mai karatu wani shafin. Dokar da nake bi mai sauƙi ce, shafin maigida yana iya nuni zuwa shafin kowa da kowa, amma shafin kowa da kowa baya nuni zuwa na maigida. In ka karya ta zubin yaro zai fito da mahaɗin da baya zuwa ko'ina kuma Sphinx zai ta yi maka gargaɗi.

Ƙara wannan ma a conf.py, ɗan mai gadi ne:

    if tags.has('yaro') == tags.has('maigida'):
        raise ValueError('Zabi daya: yaro ko maigida')

In ka kunna duka biyun ko ka manta duka biyun ginin zai tsaya nan take. Yi irinshi ga waya da kwamfuta, da sefa da naira.

Fitar da zubi

Ana kunna alama da -t, kowace da nata:

    sphinx-build -b html -t yaro -t waya -t sefa -d aiki/yaro1 source fita/yaro_waya_sefa
    sphinx-build -b html -t maigida -t kwamfuta -t sefa -d aiki/maigida1 source fita/maigida_kwamfuta_sefa

Kowane zubi da dosiyenshi, kar ka taɓa zuba na yaro a inda ka zuba na maigida jiya, domin Sphinx baya share tsofaffin shafukan da ya tarar a wurin, shafin riba na jiya zai zauna abinshi a gefen na yau. Mafi kyau ka tara umarnin nan duka a fayil guda, hada.bat in Windows ne ko hada.sh in Linux, layin farko ya goge fita da aiki gaba ɗaya sannan a gina sabo. Ƙara -W a kowane layi, shi ke maida gargaɗi ya zama kuskure, da farko zai baka haushi amma shi zai hana ka aika jagora mai karyayyen mahaɗi.

PDF fa? Hanyar da aka sani ita ce latexpdf amma sai ka girka LaTeX, shi kuma cikakkenshi giga da yawa ne, ba kowa ke da forfen wannan ba. Dabarar da ta fi mana sauƙi ita ce -b singlehtml tare da -t takarda, jagorar duka ta fito a shafi ɗaya, ka buɗe a burauza ka buga ta zuwa PDF ka tura ta WhatsApp ko ka kai wajen mai fotokopi. Kaga a nan Sphinx yana ɗaukar abin a matsayin html ne, da ka dogara da alamar latex don gane takarda da bata yi aiki ba, shi ya sa muka yi tamu.

Inda asiri ke tonuwa

Wannan sashen shine dalilin da yasa na zauna rubuta jagorar nan, don zaka iya yin komai daidai ka buɗe shafin yaro ka ga babu maganar goge bashi ka ji daɗi, alhali rubutun yana nan kwance cikin dosiyen da zaka bashi.

Ƙofa ta farko ita ce _sources. Sphinx a yadda ya zo yana kwafe asalin rubutun kowane shafi ya ajiye a wannan dosiyen, har ma ya sa mahaɗi a shafin na ganin asali, duk wanda ya danna zai ga fayil ɗin kamar yadda ka rubuta shi da only da abinda ke ƙarƙashinshi duka. Rufe ta a conf.py:

    html_copy_source = False
    html_show_sourcelink = False

Layin farko shine mai muhimmanci, na biyu mahaɗin kawai yake ɓoyewa.

Ƙofa ta biyu ita ce .doctrees, wurin da Sphinx ke ajiye rubutun da ya karanta kafin ya tace. In baka ce komai ba cikin dosiyen fitarwa yake sa shi, kuma da yake sunan ya fara da ɗigo a Linux baka ma ganinshi, sai ka dunƙule dosiyen ka aika da shi. Amfanin -d da ka gani a umarnin sama kenan, yana kai shi wani wuri daban wanda baya barin kwamfutarka.

Ta uku _static, duk abinda ka jefa a nan yana bin kowane zubi ba ruwanshi da alama, don haka hoton allon riba na maigida kar ya kwana a can. Hotunan ma gaba ɗaya a duba su da ido, sau da yawa rubutu ya tsarkaka amma hoton da aka ɗauka daga asusun maigida yana nuna maɓallan da yaro bai kamata ya sani ba, ko ma sunayen masu bashi na gaske. Ɗauki hotunan yaro daga asusun yaro, da sunayen ƙarya na gwaji.

Bayan ka rufe su sai ka gwada, kar ka yarda da ido kaɗai, nemi kalmomin nan Maigida kaɗai da grep, umarnin neman kalma a cikin fayiloli:

    grep -ril "Maigida ka" fita/yaro_waya_sefa

A Windows kuma findstr /s /i /m /c:"Maigida ka" fita\yaro_waya_sefa\* zai yi aikin. In ya dawo babu komai alhamdulillahi, in ya kawo sunan fayil ko ɗaya kar ka aika. Nemi kalmar naira a zubin sefa, nemi taɓa a zubin kwamfuta, sa binciken nan a ƙarshen fayil ɗin hada don ya riƙa gudana da kanshi.

Akwai kuma kuskuren da baya ihu. A Sphinx alamar da ba'a kunna ba ana ɗaukarta babu ce, to in hannunka ya zame ka rubuta maigda maimakon maigida babu gargaɗin da zai zo, sakin layin zai ɓace daga kowane zubi har na maigidan, sai ranar da alhaji ya kira yana tambayar yadda ake abu kaza kai kuma kana rantsuwa ka rubuta. Wannan layin yana jero maka duk sharuɗɗan da ke cikin aikin da adadin kowane:

    grep -rh "only::" source | sort | uniq -c

Duk wadda ta fito sau ɗaya tak ka dube ta da kyau, ka gwada jerin da na cikin kayenka. Masu Windows in kun girka Git yana zuwa da Git Bash, grep da sort na ciki.

Bayan na'ura ta gama nata sai mutum ya karanta. Buɗe zubin yaro daga farko zuwa ƙarshe kamar kai ne sabon yaron da aka kawo daga Mirriya jiya, ka duba ko akwai inda aka ce kamar yadda muka gani a sama alhali saman an cire shi, ko matakai sun tashi daga na biyu zuwa na huɗu, ko kai ya tsaya babu komai a ƙarƙashinshi. In da hali ka miƙa ma yaron shago na gaske wayar ka zauna gefe ka yi shiru ka ga inda zai tsaya.

Abu ɗaya da nake so ya zauna a zuciyar kowa, ɓoye bayani a jagora ba tsaro bane. In manhajarka tana barin yaro ya goge bashi ba tare da lambar sirri ba to zai gano ko da jagora ko babu, gyaran a cikin manhajar yake. Alamomin nan suna rage ruɗani ne da kare amanar maigida, basa maye gurbin makulli.

In ba Sphinx kake amfani da shi ba

Tunanin ɗaya ne, hannun ne ya bambanta. A AsciiDoc, wani tsarin rubuta jagora, ana buɗewa da ifdef::maigida[] a rufe da endif::[], a kunna da -a maigida wajen kiran asciidoctor, waƙafi tsakanin alamomi biyu na nufin ko, alamar tarawa na nufin da. Shi kafin ma a fara karanta tsarin rubutun yake yanke layukan, don haka kanun sashe basa bashi matsala. HelpNDoc, na wani kamfanin Faransa, yana da If da Else da End da ake sakawa cikin shafi, kowane zubi kuma ka zaɓa mishi alamominshi. RoboHelp na Adobe da MadCap Flare ana zaɓar rubutu ne a shafa mishi alama mai launi, Flare ma yana zuwa da PrintOnly da ScreenOnly tun daga farko, su biyun dai na kuɗi ne.

DITA, wani tsarin rubuta bayanin aiki wanda ya fito daga IBM kuma ƙungiyar tsara ma'aunai ta OASIS ta amince da shi a matsayin ma'auni a 2005, yana sa alamar a jikin kowane yanki da audience ko platform ko product, sai wani fayil daban mai ƙarewa da ditaval ya faɗi abinda za'a cire:

    <val>
      <prop att="audience" val="maigida" action="exclude"/>
    </val>

To ga bambancin da nace yana da haɗari. A Sphinx da AsciiDoc abinda baka kunna ba baya fitowa. A DITA da Flare akasin haka ne, abinda baka ce a cire ba yana fitowa. Kenan kuskuren maigda ɗin nan da a Sphinx zai ɓatar da sakin layi, a DITA zai kai shi hannun yaro ne kai tsaye, don ditaval ɗinka maigida ya sani bai san maigda ba. Haka in ka ƙirƙiri sabuwar alama a Flare dole ka bi kowane zubi ka ce a cire ta inda ya kamata, in ba haka ba tana ko'ina. A DITA kana iya juya lamarin da layin prop mai action="exclude" wanda babu att babu val a ciki, shi ke sa duk mai alama ya fita sai wanda ka ambata da include. Sannan ka san cewa in yanki yana da ƙima biyu a audience, misali maigida da yaro, ba'a cire shi sai an ce a cire dukansu biyun, amma in audience ya ce a bari platform ya ce a cire to cirewa ce ke rinjaye.

Kula da alamomin bayan an fara aiki

Duk lokacin da zaka ƙara alama ka fara rubuta ta a fayil ɗin jerin alamomi da ma'anarta da zubin da ke kunna ta, sannan ka taɓa rubutu. In ku biyu ne ko uku ke aikin, ko ka ɗauki ɗalibi daga jami'ar André Salifou yana taya ka, mutum ɗaya ne ke da ikon ƙirƙirar sabuwa, sauran su tambaya. In ka ga shafi ya cika da only har rubutun kowa da kowa bai kai rabi ba to shafin nan biyu ne aka matse wuri guda, raba shi 04_rufe_yini_yaro.rst da 04_rufe_yini_maigida.rst ka ƙara layin cire na yaro a conf.py. Ranar da kuma ka daina tallafa ma wani abu, ace kowa ya koma waya babu mai kwamfuta, kar ka bar alamar tana kwance, nemo duk inda take da grep, goge yankunan kwamfuta, na waya kuma ka cire musu only ka dawo da su bakin gefe, ka gyara mai gadin conf.py, ka goge layin zubin daga fayil ɗin hada, sannan ka sake gina sauran duka ka bi su da binciken nan na sama.